Shagon maganin dabbobi a Zuru da abin da na gani a turken tumakina

Shekara 4 ke nan ina kiwon tumaki a bayan gidana a Zuru, kuma a tsawon wannan lokaci shago ɗaya nake zuwa sayen magani da dusa da gishirin lasa. Ƙaramin shago ne kusa da kasuwa. Mai shi dattijo ne da ya yi aikin duba lafiyar dabbobi har ya yi ritaya, kowa kuma Baba yake ce masa. Na ga ya dace in rubuta abin da na sani a kansa domin mata da yawa a zumuntarmu sun fara ɗaure tunkiya ɗaya ko biyu a gida, tun da fita kiwo daji ya zama abin fargaba a wannan yanki, kuma kullum tambayarsu ita ce inda za su sami maganin da ba jabu ba.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne Baba ba ya miƙa magani don kawai an miƙo kuɗi. Idan ka ce ya ba ka maganin tsutsar ciki, sai ya tambaye ka ko tunkiyar tana da ciki, da watan da aka yi mata barbara, domin akwai maganin da ba a bai wa mai ƙaramin ciki, irin su albendazole. Sai ya tambayi nauyinta, ko Yankasa ce ko Uda ko Balami, saboda awon da zai ishi Yankasa ba zai ishi babbar Balami ba. Shi ne ya koya mini in janye fatar ƙasan idon tunkiya in duba, idan wurin ya yi fari fat alama ce jini ya ragu, kuma sau da yawa tsutsa ce ta jawo, musamman da damina. Wasu suna jin haushin waɗannan tambayoyi su wuce wani shagon. Ni kuwa saboda su nake komawa.

A shekarata ta biyu na sayo rago a kasuwa, na kawo shi na haɗa da tumakina 9 a ranar, ban ware shi ba ko na kwana ɗaya. Bayan kamar mako guda sai na lura wata tunkiya ta daina zuwa bakin harawa da sauri, tana tsayawa can gefe da kai a sunkuye. Ba ta kuka, ba ta faɗi ba, don haka na ce gajiya ce. Sai da majina ta toshe mata hanci, idanu suka yi ƙwantsa, zawo ya biyo baya, sannan na garzaya shagon. Baba ya rufe shagonsa ya hau babur ya biyo ni, ya buɗe bakinta ya ga gyambo, ya ce: "Malama, wannan PPR ce, cutar nan mai saurin yaɗuwa tsakanin tumaki da awaki, kuma ba zan ruɗe ki ba, ba ta da maganin da ke kashe ta, sai dai mu taimaki jikinsu mu kuma raba masu lafiya da marasa lafiya yanzun nan." Ya yi musu allurar da ke hana wasu cututtukan shiga a kan ta farko, ya nuna mini yadda zan goge musu hanci in ba su ruwa a hankali, ya kuma dawo har sau 3 ba tare da na aika masa ba. Na rasa biyu, sauran suka tashi.

Ina koyar da darasin Lahadi, kuma na sha karanta wa yara Ezekiyel sura 34, inda Ubangiji yake tuhumar makiyayan Isra'ila da cewa ba su ƙarfafa raunana ba, ba su yi jinyar marasa lafiya ba, ba su ɗaure masu karaya ba, ba su kuma nemo ɓatattu ba. A da ina ɗauka maganar ta shafi manyan shugabanni ne kaɗai. Amma da na tsaya a kan gawar tunkiyar nan sai na gane cewa ba wulaƙanta ta na yi ba, rashin dubawa ne ya kashe ta, domin tunkiya ba ta kai ƙara, shiru take yi ta koma baya. A daren nan na ɗauko littafin sunayen ajina, na tarar akwai yara 3 da suka yi makonni ba su zo ba, kuma ban taka gidan ko ɗaya ba saboda babu wanda ya yi kuka. Karin Magana 27:23 ta umarci mutum ya san halin da garkensa yake ciki sarai, Yesu kuma a Yahaya sura 10 ya ce makiyayi yana kiran tumakinsa da sunansu, su kuma sun san muryarsa. Wannan na tabbatar da shi a turkena, domin idan baƙo ya shigo da dusa tumakin baya suke ja, amma da sun ji muryata sai su taso. Baba bai taɓa yi mini wa'azi ba, sai dai yakan ce mai dabba ya ƙirga dabbobinsa safe da yamma, ya kuma kalli wadda take cin abinci a ƙarshe.

Shagon yana da nasa naƙasu. Wuri ne ƙunci, ranar kasuwa mutum zai daɗe a tsaye, kuma idan Baba ya fita duba dabba babu wanda yake bari a madadinsa, sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Farashinsa ya ɗara na masu baza magani a rana, amma nasa yana ajiye a inuwa, yana kuma nuna maka ranar da zai lalace kafin ka biya. Dusarsa tana da tsabta, ban taɓa samun yashi a ciki ba, sai dai harawa takan yanke masa tun kafin bazara ta yi nisa.

Rigakafin PPR kuma ba ya yin sa ga mutum ɗaya, domin kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, tana buƙatar sanyi, kuma da an haɗa ta dole a gama da ita cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka muke haɗa tumaki da awakin unguwa a rana ɗaya, shi kuma ya zo da sassafe da kularsa ta ƙanƙara, yana yi yana rubuta sunan mai dabba da adadin nata a littafinsa. Duk wadda za ta sayo sabuwar tunkiya kafin wannan rana, Baba yana so ta ɗaure ta daban na mako 3 tukuna.