Masu Noman Kabeji, Hattara da Mai Maganin Jarka

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman rani. Akwai wani mutum da ke zagaya lambuna a kan babur, da jarkoki marasa takarda ɗaure a baya, yana cewa yana da maganin farar cutar nan da ke kama ganyen kabeji lokacin sanyi. Ni ya ci kuɗina, ya ci na maƙwabtana biyu, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Cutar kun san ta. Da sassafe ka juya ganye, ka ga bayansa ya yi wani fari-fari mai laushi kamar an barbaɗa gari, samansa kuma tabo ruwan ɗorawa, daga baya ya bushe ya zama kamar takarda. A fangalin reno ta fi ɓarna, domin ƙananan tsiro ba su da ƙarfin jurewa. Haka na wayi gari na tarar da nawa, saura kwana kaɗan in yi dashe, sai ga wannan bawan Allah kamar wanda aka aiko.

Ya tsuguna ya duba, ya girgiza kai. "Baba, ƙananan ƙwari ne, ido ba ya ganinsu. In ba ka yi feshi yau ba, jibi sun shiga albasarka da latas ɗinka." Ya cika injin feshina da ruwan jarkarsa, ya fesa layi ɗaya kyauta da tsakar rana, muka zauna a inuwa. Da muka koma, farin ya ɓace. Nan take na sayi jarka biyu.

Washegari da asuba farin ya dawo, har ya fi na jiya.

Sai da na kai ganyen wurin malamin gona, na kuma zauna da ɗana mai karatun aikin gona, na gane yadda aka yi wasa da hankalina. Abin nan ba ƙwaro ba ne. Ba ma funfuna ba ne na ainihi, ko da yake ya yi kama da shi. Masana suna kiransa Hyaloperonospora brassicae, dangi ɗaya da cutar da ke ƙone ganyen dankalin Turawa a Filato, wadda ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa daga 1845. Jikinsa siraran zare ne da ke ratsawa cikin naman ganye, yana tsotsar abinci, kuma ba ya iya rayuwa sai a jikin tsiro mai rai. Farin da muke gani 'ya'yansa ne kawai. Da dare, in raɓa ta sauka kuma sanyi ya kai kamar digiri 10 zuwa 15, sai ya turo su waje ta ƙananan ƙofofin numfashi da ke bayan ganye. Rana na fitowa su saki, iska ta kwashe su zuwa wani ganyen. To ka gani, ko ruwan rijiya ka fesa da ƙarfi da tsakar rana, farin zai wanke, zafin rana ya busar da saura, uwar cutar kuma tana ciki tana jiran dare. Wannan shi ne dukan "ƙarfin" maganinsa, kuma shi ya sa ba ya taɓa zuwa da safe.

Batun albasa da latas ma ƙarya ce ta tsoratarwa. Wannan halitta tana da zaɓen abinci: kabeji da danginsa take ci. Albasa tana da tata irin cutar, latas ma haka, gero ma haka, kowace da mai haddasa ta daban. Na kabeji ba ya tsallakawa kansu.

Abin da ke cikin jarkar, Allah masani, amma da na bar kaɗan a murfi ya bushe sai na ga farin gishiri irin na yuriya. Ina zargin taki ne aka jiƙa aka sa kala, domin sabon ganye ya ɗan yi kore a ce magani ya yi aiki. Kuma mutumin yana da wata dabarar: in ka kira shi ka yi ƙorafi, sai ya ce ka ƙara haƙuri mako uku. Ya san da zarar zafi ya fara shigowa, raɓa ta ja baya, cutar da kanta take lafawa. Sai ya dawo ya ce aikinsa ne.

Ganyen da ya riga ya bushe babu maganin da zai mai da shi kore. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, riƙe aljihunka. Magungunan gaske, irin masu ɗauke da mankozeb ko sinadarin tagulla, kariya suke bayarwa, wato kafin cuta ta shiga ko tana farawa. Masu metalaksil suna shiga jikin ganye, amma in aka yi ta maimaita su kaɗai cutar takan saba da su. Kowanne kuma yana zuwa a rufe, da sunan sinadari, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Maganin tsutsa ba ya taɓa wannan cutar ko kaɗan.

Sauran aikin a hannunmu yake. Kada a cunkusa iri a reno, iska ta samu hanya. A yi ban ruwa da safe ta ƙasa, ba a watsa kan ganye da yamma ba. Ganyen da ya kamu a cire a fitar daga lambu, domin cutar tana barin wasu ƙwayaye masu taurin ɓawo a cikin tarkace da ƙasa su jira wata shekara, don haka kada a maimaita reno a fangali ɗaya.

Ni dai sai da na sake sayen iri, na yi dashe a makare. Lambar wayar da mutumin ya ba ni yanzu a kashe take, jarka ɗaya da rabi kuma suna nan a bayan ɗaki, na ajiye wa duk mai son ya ga kalarsu kafin mai babur ya iso lambunsa.