Haddar Kalma ko Koyon Sautin Harafi: Wanne Ya Fi wa Yaro Mai Disleksiya?

A firamare da yawa a Jos, daga Anguwar Rogo zuwa Bukuru, malama kan rubuta kalma a allo, yara su yi ta maimaitawa har ta zauna. Hanyar ba ta cin kuɗi, kuma tana tafiya da aji mai cunkoso. Sai dai yaro mai disleksiya, wanda haɗa harafi da sautinsa ke yi wa wuya, bakinsa kawai ke bin 'yan aji. A ba shi kalmar da bai taɓa gani ba, sai ya tsaya cak, a ce masa daƙiƙi.

Ɗaya hanyar ita ce koyar da sauti daki-daki: b da a su haɗu su zama "ba", sannan baba, sannan baki. Yaro ya ji sautin, ya furta, ya zana harafin da yatsa a yashi, malama ta gyara kuskure nan take. Kwamitin nazarin karatu na Amurka ya nuna a rahotonsa na 2000 cewa wannan tsari na taimakon masu fama da karatu, Ingila ma ta rungume shi bayan rahoton Jim Rose na 2006 kan koyar da karatu. Hausar boko ta sauƙaƙa abin, domin yawanci yadda ake furtawa haka ake rubutawa, ko da yake ba ta nuna tsawon wasali.

Ni hanyar sauti na zaɓa. Amma tana buƙatar ƙaramin rukuni, darasi kullum, da malamar da ta samu horo, irin wanda sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos ke bayarwa.