GARGAƊI: Mai sayar da kyamara da kekuna a Facebook ya cinye min Naira 258,000

Jama'a ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, raina ne a ɓace. Naira 258,000 wani mutum ya karɓa a hannuna da sunan zai sayar min da kyamarar Nikon D3200 da lens ɗinta, kuma abin da ya iso hannuna ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani kafin ka karɓa. Dubu ɗari biyu da hamsin da takwas. Har yanzu da nake wannan rubutu shafinsa yana nan yana aiki, ɗazu ma ya ɗora sababbin hotuna, kyamarori da kekunan hawa wai duk 'yan Ingila, mutane na ta tambayar farashi a ƙasa. Allah ya isa tsakanina da shi.

Kafin wani ya zo ya ce min "me ya kai ka sayen kaya a intanet", ya tsaya ya karanta tukuna. Ni ba ganin hoto na yi na tura kuɗi ba. Duk abin da masu hoto suke cewa a duba sai da na duba, wasu abubuwan ma mutumin da yake sana'ar da kansa ya ce min bai taɓa tambayar mai sayarwa su ba.

Waɗanda suka san ni sun san ni da keke. Mu 'yan kaɗan ne muke fita ranar Lahadi bayan sallar asuba, wani lokaci mu zaga ta bakin badala mu ɓulla Goron Dutse, in kuma da ƙarfi a jiki mu miƙi titin Zariya har Kura. Duk wanda ya taɓa isa gonakin shinkafar Kura da Kadawa da rani, rana na fitowa, ko'ina ƙura da hazo amma filin nan kore shar saboda ruwan Tiga, ya san abin da nake nufi. Sai in ciro waya in ɗauka, in dawo gida in ga ba abin da idona ya gani ba ne, sama ta yi fari fat, abokan hawa sun zama baƙaƙen inuwoyi. Abin da ya sa na sa wa raina sai na mallaki kyamara ta gaske ke nan, irin da ake kira DSLR, mai madubi a ciki wadda ake cire mata lens a sa wani. Ni sabon shiga ne a harkar hoto, ban ɓoye wa kowa ba, shi ma ban ɓoye masa ba. Don in haɗa kuɗin nan kekena na biyu na sayar, na hawan tudu, wanda na gyara da hannuna na sa masa sababbin giya na Shimano. Naira 150,000 na sayar da shi. Sauran 108,000 kuɗin adashena ne.

Da na kai kyamarar wurin mai gyara, dattijo ne da ya daɗe yana buɗe kyamarori tun zamanin fim, juya ta kawai ya yi ya kalli ƙasanta ya ce, "Ɗana, ina takardar lambarta?" An ɓare ta. Wurin da lambar jikin kyamara take zama sai shatin gam. Ya sa batirinsa, don nawa da aka haɗo min ya kumbura ba ya ma shiga daidai, ya danna, madubin ya ɗaga ya maƙale, allon ya nuna saƙon matsala. Da ƙyar ya lallaɓa ta ta ɗauki hoto ɗaya. Ya sa memorinsa a kwamfuta ya duba adadin bugun shota, wato sau nawa aka ɗauki hoto da ita: sama da 160,000. Kamfanin Nikon da kansa bugu 100,000 ya ce an gwada shotar wannan samfurin a kai. Wato wani ya ci biki da suna da ita shekara da shekaru har ta mutu, sannan aka naɗe min ita a kwali. Lens ɗin kuwa ya ɗaga shi saitin fitila ya ce in leƙa, sai ga fumfuna ta yi zare-zare a cikin gilashin kamar yanar gizo-gizo. Ya ce kuɗin gyaran duka ya kusa kuɗin wata mai lafiya.

To amma bari in koma farko, na tsallake. A wani zauren masu saye da sayar da kayan hoto na fara ganin tallarsa. D3200 nake nema dama, domin na yi bincikena: tun 2012 ta fito, megafiksel 24 ce, ba ta da nauyi, za ta shiga jakar da nake goyawa a keke, kuma tunda manyan masu hoto suka koma kan irin marasa madubin nan, tsofaffin DSLR sun yi yawa a kasuwar gwanjo. Saboda haka farashinsa bai ba ni tsoro ba. Naira 280,000 ya sa, muka yi ciniki ya bari a 240,000. Wannan ba arahar banza ba ce da za a ce kwaɗayi ne ya ja ni. Ragin da ke tsakaninsa da abin da aka yi min kuɗi a Kano bai taka kara ya karya ba, shi dai tasa ta fi kyau a ido kuma ya ce da jaka da caja da memori.

Bahaushe ne, Hausarsa ras. Ya ce a Legas yake, a Agege, kaya na zuwa masa daga Ingila. Na ce sai mun yi bidiyo kol, bai yi musu ba. Ya nuna min kyamarar a hannunsa, ya kunna, ya danna na ji ƙarar shota da kunnena, ya cire lens ya nuna min madubi, ya juya ƙasanta na karanta lambar na rubuta a takarda. Na ce ya ɗauki hoto a gabana ya turo min shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin WhatsApp yana goge bayanan da ke cikin hoto in an tura shi kai tsaye. Ya turo. Na duba, bugun shota 11,000 da 'yan kai, lambar da ke cikin fayil ɗin ta yi daidai da wadda na rubuta. Ku gaya min, me ya rage mutum ya yi? Kyamarar gaskiya ce, tana nan a hannunsa, mai lafiya ce. Ita yake nuna wa kowa. Ba ita yake aikowa ba.

Amma ba ma wannan ne ya sa na saki jiki da shi ba, kuma nan ne wurin da yake hana ni barci. Na tambaye shi ko yana da lens na 50mm, irin wanda yake narkar da bayan mutum a hoto, na ce in akwai ya haɗa min in ƙara kuɗi. Sai ya ce, "Yallaɓai, akwai, amma ba zan sayar maka ba yanzu. Kai da kake koyo, kuma kake ɗaukar fili da 'yan keke, lens 18-55 ɗin nan da ke jikinta ya ishe ka shekara guda. Wanda ke hannuna ma tsohon samfuri ne, D3200 ba ta da injin juya fokas a jikinta, sai ka riƙa murɗawa da hannu. Riƙe kuɗinka ka sayi memori mai kyau." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa. Na je na bincika, haka abin yake, kyamarar sai da lens mai alamar AF-S take yin fokas da kanta. Mutum na miƙa masa ƙarin kuɗi ya ce in riƙe abina. Wane ɓarawo ne ake ba shi kuɗi ya ƙi? Tun daga ranar nake maimaita maganar nan a kaina, "riƙe kuɗinka, Yallaɓai". Ya bar ƙaramin ne don ya ɗauki babban. Har shawara ya ba ni in riƙa sa kyamarar cikin leda a jaka saboda ƙurar hunturu, in daina canza lens a bakin titi kada ƙura ta hau sensa, wato abin da ke kama hoton a cikinta. Mutumin ya san kyamara fiye da wasu masu shago. Da wannan ilimin zai ci halas ɗinsa ya ƙoshi, amma ya zaɓi ya ci nawa.

Rabi na fara turawa, 120,000. Ni na kafa wannan sharaɗin, ba shi ba. Sai ya turo min bidiyo a tasha, ga kwali an naɗe da salatif an rubuta sunana da lambata, ga hayaniyar 'yan kamasho a baya, har ya ba ni wani na yi magana da shi wai direba. Na cika 120,000. A'a, kafin nan ma akwai maganar asusu. Sunan da ya fito a kan lambar asusun na mace ne, ba nasa ba, kuma na ɗaya daga cikin bankunan nan na waya ne. Na tambaya, ban yi shiru ba. Ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya cika iyakar abin da zai iya karɓa a rana. Mutum nawa ne a kasuwa suke ba ka asusun yaron shago ko na ƙaninsu ka tura kuma kaya su zo lafiya? Kullum ana yi. Bayan na cika sai ga kira wai direba ya ce kayan lantarki ne sai an ƙara 18,000. Na riga na zuba 240,000, a kan 18,000 zan bar kayana a Legas? Na tura. 120,000 da 120,000 da 18,000. Naira 258,000.

Kwalin ya zo kuwa. Wannan shi ne abin da ya bambanta shi da sauran 'yan damfara, shi yana aikowa. Na je tasha na karɓa, yaron da ya miƙo min bai san komai ba, saƙo aka ba su suka kawo. Ina buɗewa a gida na ji warin danshi da tsohon kaya, robar hannunta ta saki, rubutun maɓallan ya goge, ba jaka, ba memori, cajar ma ba tata ba ce. Na kira shi nan take ya ɗauka, har da salati, wai yaronsa ne ya yi kuskure ya naɗe ta wani kwastoma da ya kawo gyara, in kwantar da hankalina, "mu 'yan gida ne, Yallaɓai, ba za a ji kanmu ba". Ya ce in mayar zai aiko tawa. Na ce ya fara aiko tawa ko ya dawo min da rabin kuɗina. Daga nan sai yau sai gobe, yau yana asibiti, gobe an yi masa rasuwa, jibi kaya na hanya. Ranar da na tura masa hoton ƙasan kyamarar da aka ɓare da lambar da ya nuna min a bidiyo, ranar ya rufe ni a WhatsApp da Facebook gaba ɗaya.

Na je bankina, sun karɓi ƙorafi, sun ce tunda da hannuna na tura ba za a iya janyo kuɗin haka kawai ba, sai da rahoton 'yan sanda da umarnin kotu. Na shigar da rahoton, ina kan bin na kotun.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, a makon nan wani ƙaninmu da muke hawa tare ya turo min hoton keken tsere yana neman shawara, wai ya samu a wani shafi, ɗan Ingila, firem na alminiyam, giya Shimano, an ce ya tura rabi. Sunan shafin daban. Na ce ya nemi lambar asusu. Lambar nan ce dai, sunan matar nan ne dai. Na sa ya kunna min saƙon muryar da aka turo masa, muryarsa ce, har da "Yallaɓai". Kun san me ya gaya wa yaron? Wai kada ya ɓata kuɗinsa a kan keke mai firem na kabon tunda yanzu ya fara, na alminiyam ya ishe shi, ya riƙe kuɗinsa ya sayi hular kwano mai kyau. Maganar da ya yi min ce sak, ya canza mata kaya kawai. Ashe ba ni kaɗai ya yi wa wannan nasihar ba, ita ce jarinsa.

Ni na yi wa abokan hawa alkawarin cewa tafiyar da muke shiryawa zuwa Tiga ni zan ɗauki hotunanta. Sun san na sayar da kekena saboda haka, wanda ya saya ma a cikinmu yake, duk Lahadi ina ganin keken a gabana. Ba wanda ya yi min dariya, amma da suka tambaya ina kyamara sai da na rasa bakin magana. A gida kuwa har yau ban faɗi ainihin adadin ba. 258,000.

Kada ku biya kuɗin kyamara ko keke sai yana hannunku ko hannun wanda kuka yarda da shi a garin, ya karɓa ya duba lamba ya kai tasha da kansa. Bidiyo kol ba hujja ba ce. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku bari.

Hotunan hirarmu, rasit uku na turawa, bidiyon tasha, fayil ɗin da ya turo da hoton ƙasan kyamarar da ta zo, duk suna wurina. Lauyan da ke taimaka min ya ce in dakata da fitar da lambar asusu da sunan shafin har a shigar da takarda a kotu, da zarar an shigar zan ɗora su a nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya taɓa sayen kyamara ko keke daga Legas a wurin mai irin wannan maganar, aka aiko masa da mataccen kaya ko ba a aiko ba sam, ya yi min magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa mu gwada lambar asusun, lauyan ya ce in mun kai mutum uku ko huɗu maganar za ta fi ƙarfi a gaban alƙali.