Planet Earth ko Our Planet: ni dai ga wanda zan ce ka ɗauka

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka ɗauka tsakanin shirye-shiryen namun daji biyun nan, Planet Earth na BBC da Our Planet na Netflix. Ɗauki Planet Earth, kada ka tsaya dogon shawara. Duka biyun na kalla, duka biyun na kashe musu kuɗi, amma ɗaya ne kawai ban yi da-na-sani a kansa ba.

Na farkon ya fito a 2006, kashi 11 ne, an kuma shafe wajen shekara 5 ana haɗa shi. Faifansa na wurina shekara da shekaru, kwalin ma ya yage har na liƙe shi da salatif. An tsara shi ne bisa irin muhalli: yau duwatsu, gobe koguna da tafkuna, jibi hamada, sai ƙasashen ƙanƙara, sai ƙurmi, har ƙarƙashin teku inda hasken rana ba ya kaiwa. David Attenborough ne ke ba da labarin, dattijon da aka haifa a 1926, kuma ba ya gaggawar magana. Ko Turancinka bai nuna ba za ka bi shi, domin sai ya faɗi jimla ɗaya ya yi shiru ya bar hoto ya ƙarasa.

Shi ya sa ya kama mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya jin Turanci ko kalma guda. Wata rana ya shigo ya same ni ina kallon kashin da ke magana kan filayen ciyawa, ya tsaya a bakin ƙofa da niyyar ya yi min faɗan ɓata lokaci. Daidai lokacin aka nuno wani wurin shan ruwa a Botswana cikin dare, zakuna kusan 30 sun kewaye giwaye. An ɗauki hoton ne da kyamarar da ke gani cikin duhu, dabbobin duk sun fito fari-fari kamar fatalwa. Baba ya ce ƙarya ce, zaki ba ya taɓa giwa. Ban ce masa komai ba. Zakunan suka ware guda, suka haye bayanta ɗaya bayan ɗaya har ta durƙushe. Ban san lokacin da ya jawo kujera ba. Da aka gama ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce, "Mayar min da shi baya." Daga ranar kullum da dare sai ya aiko a tambaye ni ko akwai saura. Gani ya kori ji.

Ni kuwa abin da ya fi tsaya min shi ne damisar ƙanƙara da aka ɗauka a duwatsun Pakistan tana bin wata akuyar dawa mai murɗaɗɗen ƙaho, su biyu suna gangarowa daga dutsen da ko kallonsa ka yi sai jiri ya ɗebe ka. Sai kuma kyarketai da aka bi da helikwafta a yankin Okavango na Botswana, kana ganinsu daga sama suna rarraba kansu don su tare barewa, kai ka ce wani ne ya zauna ya tsara musu. Kashin koguna na cikin duwatsu kuma, kada ka kalla in zuciyarka mai saurin tashi ce: akwai wani kogo a tsibirin Borneo da kashin jemagu ya taru ya zama tsauni, kyankyasai sun rufe shi ruf. A faifan da nake da shi, ƙarshen kowane kashi akwai ƙarin minti 10 da ke nuna wahalar da masu ɗaukar hoton suka sha, irin mutumin da ya yi makonni a ɓoye cikin ƙurmin New Guinea yana jiran tsuntsu ɗaya ya yi rawar neman aure. Wani lokacin wannan ƙarin ya fi min shirin kansa daɗi.

In ka gama, wuce kai tsaye zuwa Planet Earth II na 2016. Kashi 6 ne kawai, amma hotonsa ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, tunda kyamara ta ci gaba a shekara goman da ke tsakani. A nan ne za ka ga ɗan jaririn wani irin ƙadangaren teku a tsibiran Galapagos, fitowarsa ke nan daga ƙwai, macizai suka biyo shi ta ko'ina. Wataƙila ma ka taɓa ganin guntun a waya ba ka san daga ina aka yanko shi ba. Kashi na ƙarshe a kan birane yake, da damisoshin da ke yawo cikin dare a Mumbai, da kurayen garin Harar na Habasha da ke shigowa gari mutane na ba su nama da hannu. Akwai na uku da ya fito a 2023, kashi 8, amma wannan ba ya gudu.

Our Planet kuma, to, ba laifi. Ya fito a 2019, kashi 8, muryar Attenborough ce dai, kuma Alastair Fothergill da ya jagoranci Planet Earth na farko yana cikin manyan da suka haɗa shi, saboda haka kusan ɗan uba ne. Hotonsa tas. Bambancin shi ne an yi shi tare da ƙungiyar kare namun daji ta WWF, kuma duk abin sha'awar da aka nuna maka sai a biyo shi da labarin yadda ɗan'adam ke ƙarar da shi. Gaskiya ce, ban musa ba, kuma nan ne Planet Earth na farko ya yi ƙwauron baki. Amma zuwa kashi na huɗu sai na ji kamar ana yi min wa'azi iri ɗaya kowane dare. Kuma ka kula da kashi na biyu in da yara a ɗakin. Akwai wurin da wasu ƙattin dabbobin teku masu dogayen haure, walrus, ke faɗowa daga kan dutse a gaɓar Rasha suna mutuwa. Ƙaramar 'yata ranar da ƙyar ta yi barci.

Haushina a kansa dai ni na jawo wa kaina. Wani ne ya tallata min asusun kallo a intanet, ya ce na wata uku ne, araha kamar kyauta. Na tura kuɗi, ya ba ni kalmar sirri, na kalli kashi uku, rana ta biyar aka canja ta. Na kira shi, layi a kashe. Daga baya na gane asusun mutum ɗaya ne ake sayar wa mutum goma, ko ma na sata ne. Abin da ya ƙara min ciwo, sai na ji ashe tun 2020 Netflix ta saka Our Planet a shafinta na YouTube kyauta. Araha ba ta ado. Saboda haka fara dubawa a can kafin ka ba kowa ko sisi.

Masu sayar da faifai da masu tura wa mutane a memori su ma sai ka buɗe ido, kada ka yi cinikin biri a sama. Sa su kunna maka a gabanka ka ƙirga: Planet Earth na farko kashi 11, na biyu 6. Na taɓa ganin kwalin da aka rubuta cikakke, ciki kashi 7 ne, biyu ma daga wani shirin daban aka cusa. Wasu kuma sukan matse shirin gaba ɗaya a faifai guda, hoto ya dusashe, damisar ƙanƙarar nan ta saje da dutse ka neme ta ka rasa, alhali don hoton kake saye. Sannan ka saurari muryar. Wanda aka nuna a tashar Discovery ta Amurka a 2007 muryar mace ce, 'yar fim Sigourney Weaver. Shi ma ba jabu ba ne, amma in dattijo Attenborough kake so, ka ji muryarsa tukuna ka biya.

Fara da na 2006, kashi na farko wanda ya taso daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan, kuma a talabijin in da hali, ba a waya ba. Faifaina dai ba na ba da aro, na taɓa bayarwa sau ɗaya ya dawo babu na hamada.