Kafin ki kashe kuɗinki a labarin soyayyar zamanin da, ga abin dubawa

Duk wadda ta taɓa zama da roman na soyayyar zamanin da ta san daɗinsa daban ne, kuma ni a ganina daɗin daga wahalar da zamanin ke ɗora ma masoya yake fitowa. Babu salula, babu mota, wasiƙa guda sai ta yi sati biyu bisa doki kafin ta isa, budurwa ba ta isa ta tsaya da saurayi su biyu ba, uba ya ce a'a magana ta ƙare. To kallo guda a wajen biki sai ya zama abin da za ki riƙe har shafi hamsin kina jira. Shi ya sa in zan sayi irin wanga littafi abin da nika fara tambaya shi ne, in an ciro labarin daga zamanin nan an kawo shi Yamai ta yau, zai tsaya ko zai rushe? In zai tsaya yadda yake to marubucin tufafi kawai ya canja musu, kar ki ɓata kuɗinki.

Mafi sauƙin samu a nan garin su ne ƴan ƙananan roman na Faransanci wajen masu baza littattafai a ƙasa, gefen Babbar Kasuwa da sauran bakin titi inda ake saida tsofaffin littattafan lakwal. Yawanci Harlequin ne, kamfanin da aka kafa a Kanada a 1949, suna da jeri na musamman na tarihi, sai kuma na J'ai lu, wani kamfanin buga littattafai na Faransa. Galibinsu fassara ce daga Turanci shi ya sa za ki ga kusan duka a Ingila ko Sikotilan labarin yake, musamman ɗan lokacin nan daga 1811 zuwa 1820 da sarkin Ingila ya samu taɓin hankali ɗansa ya riƙe mishi sarauta. Shekara tara kacal amma an rubuta littattafai a kansu ba iyaka, marubuciyar Ingila Georgette Heyer ce ta buɗe hanyar tun 1935. Abin da ke riƙe mutum a cikinsu maganar gado ce da aure, gida da gona ɗa namiji ke gada, in babu sai su koma hannun wani ɗan uwa na nesa, to yarinyar dole ta samu miji mai hali kafin uban ya rasu ko su koma zaman alfarma a gidan dangi. Wallahi wannan tashin hankalin mu nan ba sai an yi muna bayaninsa ba, mun san shi, mun ga gwaggonni da ya faru da su. Kuma wadda ke kolej ko lise Faransancinta zai gyaru sosai ba tare da ta ji tana karatu ba.

Amma a kula da abu biyu. Na farko kunya. Da yawa daga cikin na bayan nan suna da wuraren da ba za ki so ƙanwarki ta buɗe ba, wasu tsofaffin na shekarun 1970 da 1980 ma har tilastawa suke maidawa soyayya, ni wannan ba ni iya haɗiye shi ko kaɗan. In mai tsafta kike so nemi na Heyer ko na Barbara Cartland, wadda ta rubuta sama da 700, nata gajeru ne ba abin kunya, aibinsu guda in kin karanta biyar kin san yadda na shida zai ƙare. Na biyu shi ne jikin littafin kansa. Ki juya baya tukuna ki tabbata shafin ƙarshe na nan, don shi ke fara ɓallewa, ki buɗe tsakiya a hankali ki ji ko gam ɗin ya bushe yana ƙara, ki ɗaga shi sama ki girgiza kaɗan, in ganye ya leƙo to za ki rasa shi kafin ki kai gida. Ki duba ramukan gara da tabon ruwan damina da ke manne shafuka. Sannan ki duba gefen bangon ko akwai lamba, masu kashi uku ko huɗu suna da yawa kuma mai saidawa sau tari na biyu kawai gare shi, ba laifinsa ba ne haka suka zo mishi cikin kwali. Ki yi ciniki, ki kuma tambaye shi ko yana musanya, da yawansu suna karɓar wanda kika gama ki cika ɗan abu ki ɗauki wani.

Akwai manya masu kauri na Faransawa su kansu, irin na Anne Golon da ta gina a zamanin sarki Luwi na 14, tarihin ciki ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, fada da talauci da makircin masu mulki duk suna nan, sai dai suna son haƙuri da lokaci, ba na dare guda ba ne.

Sai namu na Hausa, nan zan ɗan daɗe don nan zuciyata take. Littattafan soyayya na Kano tun shekarun 1980 suke shigowa ta Maraɗi da Ƙonni, yanzu kuma harkar ta koma waya, Wattpad da gurup na WhatsApp da masu karantawa a YouTube. Wanda ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne labarin sarauta, yarima da gimbiya, jakadiya mai kai saƙo tsakanin sassa, kuyangi, dogarai, uwargidan sarki da ke ƙulla yadda ɗanta zai hau gado. Daɗin harshe kam babu na biyunsu, in jakadiya ta durƙusa ta fara kirari ko an yi habaici tsakanin kishiyoyi sai ki ji tsigar jikinki ta tashi, babu fassarar da za ta ba ki wannan. Inda suke ban haushi shi ne zamanin ba ya tsayawa wuri guda, masarauta ce marar suna a ƙasa marar suna, yau yarima na bisa doki da takobi gobe ga shi cikin mota yana latsa waya, in labari ya ƙi warwaruwa sai a kira aljani ya warware. Irin wannan fura ce ba nono, za ta shiga ciki amma ba ita kika nema ba. Akwai kuma yadda ake ƙawata soyayyar yarima da baiwa kamar abin sha'awa, mu da sai a 2003 doka ta maida bauta laifi a ƙasar nan kuma maganar wahaya, wato baiwar da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, a yankin Tawa ba tatsuniya ba ce, ina son marubuciyar da za ta nuna mi abin da yarinyar ta rasa, ba kyawunta kaɗai ba.

Wajen saye a waya ki karanta shafukan kyauta tukuna, yawancinsu suna sakin farko kyauta. Ki tambaya an gama littafin ko ana cikin rubutawa, don akwai waɗanda ake biya sai rubutu ya tsaya a tsakiya. Farashin da naira suke sa shi, da yawa suna ba da lambar ƴan Nijar da za a tura sefa, ki tabbata lambar daga hannun marubuciyar ta fito ba daga mai kwafe littafin mutane tana saidawa ba, baiwar Allah ta yi wata da watanni tana rubutu, haƙƙinta ne. Na saurare kuma suna da daɗi lokacin girki ko wanki amma suna cin mega, gara ki sauke da dare lokacin forfe mai sauƙi.

Waɗanda suka yi franko arab ko suka iya Larabci suna da wata ƙofa da sauranmu ba mu da ita, littattafan Jurji Zaidan, haifaffen Bairut a 1861 da ya rasu a Alƙahira a 1914. Ya rubuta sama da 20 a kan tarihin Musulunci, Andalus da Bagadaza da Masar, kowanne da masoya biyu da yaƙi ko siyasa ta raba. Shi Kirista ne kuma malamai sun soki yadda ya kawo wasu abubuwa, don haka a karanta shi a matsayin labari, tarihin a koma wajen malamai. Sun tsufa har ana samunsu kyauta a intanet.

Wani mai saidawa zai iya miƙo miki littafin Abdoulaye Mamani na 1980 a kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya ma sojojin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Ki saya, ya cancanta, amma ki sani na gwagwarmaya ne ba na soyayya ba. Shi ne ma ke sa ni tunanin irin abin da muke zaune a kansa, fadar Damagaram zamanin Tanimun, ayarin gishiri na Bilma da miji ke tafiya watanni, Katsinawan da suka baro gari bayan jihadi suka kafa Maraɗi, kewayen da Buzaye suka yi ma sojojin Faransa a Agadas a 1916 da 1917, duk wuraren da za a gina soyayya mai ciwo da harshenmu, in kin ci karo da marubuciyar da ta taɓa ɗaya daga ciki ki biya ta da hannu biyu.

In yau za ki fara kuma jika guda ce a hannunki, ni dai cewa zan yi ki ɗauki tsohon roman guda mai cikakken shafi wanda ba kashi kashi ba, canjin ki sa mega ki karanta farkon labarin sarauta biyu ko uku kyauta kafin ki tura ma kowa kuɗi.