Matatar ruwa ta tangaran: abin da na gani bayan wata takwas

A ƙarshen bazarar da ta wuce na sayi matatar ruwa irin mai tukunya biyu ta silba a wani shago da ke cikin Babbar Kasuwar Katsina, kuma yau wata takwas ke nan da ita muke sha a gidana da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Kafin nan ruwan leda muka dogara da shi, domin famfo ba kullum yake kawowa ba, ruwan 'yan garuwa kuma hankali bai kwanta da shi a matsayin na sha ba. Mu tara ne a gidan, a lokacin zafi mukan shanye jaka biyu a rana, wato ƙulli arba'in, duk kuwa ledojinsu a bayan gida suke ƙarewa.

Abin da ya tunzura ni shi ne wata rana da azahar, a watan Afrilu, da na ga motar da ke kawo ruwan unguwarmu ta tsaya a tsakiyar rana an jibge jakunkunan a buɗe, babu ko tamfol. Na fasa ƙulli ɗaya na kai baki, sai na ji shi kamar an sauke daga kan murhu, ga ɗanɗanon roba har maƙogwaro. Zafi da hasken rana su ne manyan abubuwan da ke sa roba ta tsufa ta riƙa zubar da ɓurɓushi, zafin Katsina a wannan wata kuwa yakan wuce maki 40. Masana na kiran duk wani guntun roba da bai kai milimita 5 ba da ɓurɓushin roba, amma wanda ya fi damuwa shi ne wanda ido ba ya gani sam. A shekarar 2018 an gwada kwalaben ruwa 259 da aka sayo daga ƙasashe tara, aka sami wannan ɓurɓushi a kashi 93 cikin ɗari nasu. A farkon 2024 masu bincike a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka suka ƙirga kimanin ƙwaya 240,000 a kowace lita ta ruwan gora, galibinsu mafiya ƙanƙanta. An same shi a mahaifar mata masu haihuwa a Italiya, an kuma same shi a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada a Holan a 2022. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na likitocin Italiya na 2024, waɗanda suka duba kitsen da aka cire daga jijiyar wuyan marasa lafiya, suka tarar da roba a cikin na fiye da rabinsu, kuma waɗannan sun ninka sauran fiye da sau huɗu wajen haɗuwa da bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa a cikin kusan shekara uku da suka biyo baya. Binciken bai tabbatar da cewa robar ce sanadi ba, amma mai 'ya'ya ƙanana ba zai ji wannan ya naɗe hannu ba.

Ita matatar babu wuyar fahimta. Ana zuba ruwa a tukunyar sama, ya ratsa wasu sanduna biyu na tangaran waɗanda masu shago ke kira kyandir, ya riƙa ɗiga a tukunyar ƙasa, a tara ta wani ɗan famfo. Ba ta buƙatar wutar lantarki, wanda babbar daraja ce a wurinmu. Kuɗinta ya yi daidai da abin da muke kashewa a ruwan leda na kusan wata uku, saboda haka tuni ta fanshi kanta.

Aikinta kan ruwan jarka ya burge ni ƙwarai. Ruwan da ɗan garuwa ya kawo da ɗan duhu-duhu yakan fito garau, babu wari, kuma idan aka juye shi a randa ya kwana sai ka ji daɗin da muka sani a gidan kakanninmu. Bayan mako biyu na kwance ta don wankewa, na tarar kyandir ɗin da ya zo fari fat ya koma ruwan ƙasa, da yauƙi-yauƙi a jikinsa. Na kira mahaifiyata na nuna mata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ashe duk wannan a cikinmu zai zauna?" Na ce, "Shi ne, Inna, ban da wanda ba mu gani."

Aibinta na farko jinkiri ne. Idan aka cika ta bayan isha'i, sai da asuba ake samun abin kirki, kuma yayin da kyandir ya fara toshewa ɗigar takan ƙara raguwa. Ranar da muka yi baƙin suna ba ta wadatar ba, dole muka koma sayen ruwan leda. Na biyu, famfon da ke jikinta na roba ne marar ƙwari, a wata na uku ya fara yoyo, sai da na sa mai gyaran famfo ya sauya mini na ƙarfe. Abin takaici ne a ce kayan da aka saya don gudun roba, ta bakin roba ruwansa yake fita. Na uku, kyandir ɗin ba ya jure wasa: yarinyar gida ta goge ɗaya da ƙarfi ya tsage, kyandir mai tsaga kuwa ba shi da sauran amfani, domin ruwa zai bi ta tsagar ba tare da an tace shi ba. Sai da na zagaya shaguna huɗu kafin na sami madadinsa.

Akwai kuma maganar mai shagon, wadda ya kamata a gyara. Da na tambaye shi game da ɓurɓushin roba, cewa ya yi, "Malam, wannan babu abin da take bari ya wuce." Ba haka ba ne. Ƙofofin tangaran mai kyau ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka suna tare laka, da yawancin ƙwayoyin cuta na bakteriya, da duk ɓurɓushin robar da ya fi su girma. Amma mafiya ƙanƙantar nan da aka ƙirga a Jami'ar Kolombiya suna iya zarcewa, haka nan ƙwayoyin cuta na bairos da gishirin da ya narke a ruwa. Shi ya sa ruwan jaririyarmu sai an tafasa shi tukuna, ya huce, sannan a tace. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin a 2024 ya nuna cewa tafasa ruwa mai yawan sinadarin alli yana sa ɓurɓushin ya maƙale a cikin farin dasƙarin nan da ke kwanciya a gindin tukunya, sai a tace a rabu da mafi yawansa.

Matatar ta kuma buɗe mini ido kan abin da ba ta da iko a kai. Mun tace ruwan sha, amma kokon safe a leda ake ƙullo mana shi da zafinsa, alala a leda ake dafa ta, tuwon gidan biki ma a leda ake malmala shi yana turiri. Yanzu yara da kwano mai murfi suke zuwa wurin mai koko, alala kuma mun koma yin ta a ƙananan kofunan silba.

Ina ba mai iyali shawarar ya saye ta, da sharaɗin ya duba famfon tun a shago, ya haɗa da kyandir na ajiya, kuma ya cika ta sau biyu a rana. Sauyin da ya fi fitowa fili a bayan gidanmu yake. A da, ledar ruwa ce ke toshe kwatar da ta bi ta ƙofarmu duk damina, ita ce iska ke kwasa zuwa gonakin bayan gari inda take ruɓewa ta zama ɓurɓushi a cikin ƙasar da ake shuka gero, kuma ita ce mahauta ke cirowa dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki da shanu. A lissafina, gidana kaɗai ya rage zubar da leda fiye da dubu shida a cikin waɗannan watanni, kuma akuyar Inna da muke ɗaurewa saboda gudun ta ci leda, yanzu sakinta muke yi ta yi kiwo a tsakar gida.