Manhajar fassara a waya da zancen lokaci da 'yan Kwatano

Duk mai saro atamfa ko leshi daga Kwatano ya san yawancin ciniki yanzu a WhatsApp ake ƙulla shi, kuma rabin saƙonnin zancen lokaci ne: yaushe kaya za su fito daga tashar jirgin ruwa, ƙarfe nawa mota za ta tashi, yaushe za a cika sauran kuɗi. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, Turancin ma na sakandare ne, shi ya sa na sauke wata manhaja mai juya Faransanci zuwa Turanci.

A kan agogo ba ni da ƙorafi. Mutanen Benin da Togo, kamar na Nijar, awa 24 suke ƙirgawa a rubuce. Abokin cinikina na kasuwar Dantokpa zai rubuto "le camion part à 16h30", nan take manhajar ta nuna min huɗu da rabi na yamma. "Huit heures moins le quart" ma ta kawo shi daidai, wato takwas saura kwata. Abin dariyar shi ne a nan Faransanci ya fi kusa da bakinmu fiye da Turancin da ake bi ta cikinsa. "Après-demain" jibi ne kawai, "avant-hier" shekaranjiya, amma Turanci sai ya jero maka kalma huɗu kafin ya isa wurin.

Inda take iya jefa mutum a rami shi ne ƙirgen kwanaki. Aka rubuto min "dans quinze jours", ta ce kwana 15. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba abin da mai maganar ke nufi ke nan ba. Wani dattijo a Zongon Kwatano ne ya warware min: su da ranar da ake maganar suke haɗawa, don haka "huit jours" mako ɗaya ne, "quinze jours" mako biyu. Idan ran Laraba aka faɗa, Laraba ake nufi. Wanda ya fara ƙirga 15 daga gobe, Alhamis zai dira, mai mota kuwa ya riga ya ɗaga.

"Tout à l'heure" ya fi wannan haɗari, domin yana ɗaukar ɗazu, yana kuma ɗaukar an jima. Idan jimla cikakkiya ce manhajar takan gane. Amma ɗan kasuwa ba ya cika jimla. Na tambayi wani ko ya tura kuɗin dako, ya amsa da "tout à l'heure" kawai, ita kuma ta zaɓar min an jima, alhali tun ɗazu ya tura. Tsakanin an biya da za a biya kuwa, ai akwai tafiya.

Ba ruwanta da bambancin agogon ƙasashe. Kwatano da Kano lokacinsu ɗaya, amma Lome na bayanmu da awa guda, ƙarfe 9 nasu 10 ne a wurinmu. Wannan kai za ka riƙe a ka.

Ɓangaren murya ban ga amfaninsa a cikin kasuwa ba. Ga ƙarar baburan 'yan zemijan ('yan acaɓan can) masu rigar ɗorawa, ga Faransanci gauraye da yaren Fon, sai ta riƙa rubuto shirme. A ɗaki shiru tana ji, musamman "Quelle heure est-il ?", wato ƙarfe nawa, da ire-irensa.

Tana aiki ba intanet idan ka sauke Faransancin tun kafin ka tsallaka iyakar Seme, kuma hakan ya rage min kuɗin data sosai. Har yanzu tana wayata, ina karanta saƙo da ita kullum. Sai dai duk wanda ya ce min "quinze jours" yanzu, nakan ce ya rubuto min rana da wata da lamba.